Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ke jera masana kemistiri bisa yawan ambato

Zuwa ga shugabannin kamfani,

Bayan gaisuwa. Ni malamin kemistiri ne a wata jami'a a Arewacin Najeriya, kuma sunana na cikin jerin da kuke fitarwa kowace shekara, kuna cewa wane ne na ɗaya, wane ne na ɗari, bisa yawan ambato, wato sau nawa wasu masu bincike suka kawo maƙalun mutum a cikin nasu rubutun. Na kai kuka ta adireshinku, amsar da ta dawo takardar farashi ce. Shi ya sa na fito fili.

Manhajarku ta raba maƙaluna gida biyu, ta miƙa wasu ga mai suna irin nawa a wata jami'ar, ta kuma jingina mini aikin wani likitan dabbobi da ban taɓa gani ba. Da kun tambayi ko ɗalibin aji ɗaya a nan, da ya gaya muku cewa a tsangaya guda ana iya samun Muhammad Abubakar fiye da ɗaya, kuma da yawanmu da sunan gari muke amfani, wata mujalla ta rubuta shi, wata ta jefar. Tun 2012 akwai lambar ORCID, wato lambar shaida da kowane mai bincike ke iya samun tasa shi kaɗai, kyauta, don magance irin wannan ruɗani. Ku kuma kun ce sai na biya da dala kafin ku gyara kuskuren da ku kuka yi.

Ko da kun gyara sunan, jerin kansa yana da aibi. Ambato yana nuna yawan waɗanda suka yi amfani da abu ne kawai. A 2014 mujallar Nature ta lissafa maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951 kan hanyar auna furotin, da ambato sama da 300,000. Maƙalar Watson da Crick ta 1953 kan tsarin DNA ko shiga ɗarin ba ta yi ba. A fagenmu ma an gani: maƙala guda ta George Sheldrick ta 2008, kan manhajar SHELX, ta ɗaga makin mujallar Acta Crystallographica A, wato matsakaicin ambaton da maƙalunta ke samu, daga 2 da 'yan kai zuwa kusan 50, don duk wanda ya yi aiki da manhajar sai ya ambace ta. Ayyuka ne masu amfani, ba musu. Sai dai ku kun ɗauki wannan lissafi, da ma'aunin h da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, mai haɗa yawan maƙalun mutum da yawan ambatonsu a lamba guda, kun zuba mai binciken batir, wanda dubbai ke fagensa, a kwando ɗaya da mai tantance sinadaran saiwa da ganye, wanda abokan aikinsa ba su taka kara sun karya ba.

Idan kiɗa ya canja, rawa ma canjawa take yi. Yanzu ana ambaton kai, ana ambaton aboki don ya rama, ana cusa sunan wanda bai taɓa kwalbar gwaji ba. A 2023 Jami'ar Kordoba ta ƙasar Sifen ta dakatar da wani masanin kemistiri da ake yawan ambata, na tsawon shekara 13, saboda sa hannu a maƙalu da sunan wasu jami'o'in Saudiyya da Rasha. A shekarar kuma Clarivate, wata cibiya mai fitar da jerin masu binciken da aka fi ambata, ta cire fannin lissafi ɗungurungum daga jerinta saboda maguɗin ambato. Ku ban ga kun tace komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda jerin ke ƙarewa. Ana manna shi a allon sanarwa, ana kawo zancensa a zaman ƙarin girma. Tun da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, kowa ya san darajar mai ɗibar ƙasa da ruwan rijiya yana aunawa. Irin wannan aiki sau da yawa a mujallun gida yake fita, waɗanda rumbunku bai san da su ba, don haka a wurinku sifiri ne. Ƙananan malamai sun gane, sun fara gudunsa, suna komawa rubuta sharhin ayyukan wasu, tunda shi ke jawo ambato. Yarjejeniyar DORA ta 2012, wadda masana da editocin mujallu suka tsara kan yadda za a auna bincike, ta ce a auna bincike da abin da ya ƙunsa, amma kwamitin ƙarin girma da ke gaggawa lamba yake so, ku kuwa ita kuke sayarwa.

Ina neman ku gyara bayanaina ba tare da na biya ko sisi ba, ku haɗa su da lambata ta ORCID. Ku ware ambaton kai, ku raba rassan kemistiri, ku bayyana mujallun da kuke ƙirgawa da waɗanda kuka bari. Idan ba za ku yi ba, ku cire sunana kafin fitowa ta gaba, ku sanar da ni a rubuce.

Naku,
Wani malamin kemistiri daga Arewacin Najeriya