Mulkin Shekara Dubu: A Riƙa Tambaya Wane Kirista Ne Ya Faɗa

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Mun karanta sharhin da kuka buga kan alamomin ƙarshen zamani, inda aka rubuta cewa imanin Kiristoci shi ne za a fyauce masu bi, wato a ɗauke su zuwa sama farat ɗaya, a yi shekara bakwai ana shan tsanani, daga nan Yesu ya sauko ya yi sarauta a Urushalima har shekara dubu. Marubucin bai yi wa kowa ƙage ba, domin masu wannan imani suna da yawa, kuma a ƙasar nan muryarsu ta fi tashi a wa'azin rediyo da na cikin mota. Sai dai fahimtar wani ɓangare ce aka yafa wa kowa. Mu da aikinmu shi ne koyar da Littafi Mai Tsarki muka ga ya kamata mu warware zaren.

Abin da kusan duk ikkilisiyoyi suka haɗu a kai gajere ne: Yesu zai dawo a bayyane, matattu za su tashi, za a yi shari'a ta ƙarshe, sannan a yi sabuwar sama da sabuwar ƙasa. Ƙa'idar bangaskiya da aka kammala a birnin da yau ake kira Istanbul a shekarar 381, wadda Katolika da Angilikan da Lutheran ke karantawa ranar Lahadi, iyakar abin da ta ce kan dawowarsa shi ne zai sāke zuwa cikin ɗaukaka ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, mulkinsa kuwa ba shi da ƙarshe. Ba ta ambaci bakwai ba, ba ta ambaci dubu ba.

Shekara dubun nan wuri ɗaya tak ta fito ƙarara, a Ru'ya ta Yohanna sura 20, littafin da wata fassarar Hausa ke kira Wahayin Yahaya. Daga aya ta 2 zuwa ta 7 an maimaita ta sau shida. Mala'ika ya sauko da mabuɗi da sarƙa, ya ɗaure Shaiɗan, ya jefa shi rami ya rufe. Waɗanda aka fille wa kai saboda shaidar Yesu suka rayu suka yi mulki tare da shi, aka kira wannan tashin farko. Da wa'adin ya cika aka saki Shaiɗan na ɗan lokaci, ya tara Gog da Magog, wuta ta cinye su, sai farin kursiyin shari'a. Duk gardamar kusan ƙarni goma sha tara a kan 'yan ayoyin nan take.

Masu cewa Yesu zai dawo tukuna sannan mulkin ya kafu a doron ƙasa suna da tsohon tushe. Jastin Shahidi da Ireniyus, malaman ƙarni na biyu, haka suka fahimta, kodayake Jastin da kansa ya yarda cewa akwai Kiristoci na ƙwarai da ba su bi shi ba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce Ishaya 65:20, inda aka kwatanta wani zamanin salama da wanda ya mutu yana da shekara ɗari za a ce ya mutu da ƙuruciya. Suka ce tunda har akwai mutuwa, to ba rayuwar har abada ake nufi ba, kuma ba wannan zamanin namu ba ne, dole akwai wani zango a tsakiya. Suna haɗawa da Zakariya 14, wanda ya ce ƙafafun Ubangiji za su tsaya a kan Dutsen Zaitun.

Amma jerin da sharhinku ya kawo, mai fyaucewa a asirce kafin tsanani, bai kai shekara ɗari biyu da yaɗuwa ba. John Nelson Darby ne ya tsara shi wajen shekarun 1830 a Birtaniya, sannan bugun Littafi Mai Tsarki mai sharhi na Scofield ya baza shi a Amurka daga 1909. Fyaucewar daga 1 Tasalonikawa 4:16-17 aka ɗauko ta. Masu sukar tsarin suna cewa ayar ta ambaci kira mai ƙarfi, da muryar babban mala'ika, da busar ƙaho, wane irin asiri ne ake yi da ƙaho? A ganinsu taron ya yi kama da yadda mutanen gari kan fita bayan ganuwa su taryi sarki su rako shi ciki.

Shekara bakwai ɗin kuwa lissafi ne daga Daniyel 9:24-27. An yanke bakwai-bakwai har sau saba'in, wato shekara 490 in an ɗauki kowane bakwai a matsayin shekaru. Sittin da tara na farko, shekara 483, ana cewa sun ƙare a zamanin Yesu. Bakwai ɗin ƙarshe ne mabiya Darby suka cire suka ajiye a gaba, suka ce agogon ya tsaya tun ƙarni na farko, sai an fyauce ikkilisiya zai ci gaba. Ana raba shi biyu, wata 42 ko kwana 1,260 kowane rabi, bisa wata mai kwana 30. Wannan tazarar da aka sa a tsakiya ita ce ƙashin bayan tsarin, kuma nassin bai faɗe ta a fili ba. Wanda ya yarda da tazarar zai ga komai ya zauna daram. Wanda bai yarda ba zai ce saba'in ɗin sun ƙare tun rushewar Haikalin Urushalima a shekarar 70, ko ma kafin nan.

Fahimtar da ta fi daɗewa tana jan ragama ita ce ta Agustin, bishop ɗin Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430. A wurinsa dubu lamba ce ta cika, kamar yadda Zabura 50 ta ce dabbobin da ke kan tuddai dubu na Allah ne, ba wanda zai ce na tudu na dubu da ɗaya na wani ne. Mulkin yana gudana yanzu, tsakanin zuwan farko da na biyu. Ɗaure Shaiɗan shi ne hana shi toshe bishara ga al'ummai, kamar ƙaƙƙarfan mutumin da ake ɗaurewa kafin a kwashe kayan gidansa a Matiyu 12:29. Katolika a nan suke, har littafinsu na koyarwa ya yi watsi da jiran mulkin duniya a sakin layi na 676. Lutheran ma sun ƙi shi tun 1530 a shaidar bangaskiyarsu ta Augsburg. Ke nan in wakilinku ya shiga cocin Lutheran a Numan ko na Katolika a Kafanchan ya tambayi ranar fyaucewa, amsar da zai samu daban ce da wadda kuka buga. Inda wannan fahimta ke tuntuɓe kuwa shi ne kalmar “suka rayu” da ta zo a Ru'ya ta Yohanna 20, aya ta 4 da ta 5: in ta biyu tashin jiki ce, me ya sa ta farko za ta zama ta ruhu?

Akwai kuma masu cewa bishara za ta yi ta gyara duniya kamar yisti cikin gari har a samu dogon zamanin adalci, sai Yesu ya dawo a ƙarshensa. Sun yi tashe a ƙarni na 18 da na 19, yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 ya sanyaya musu gwiwa. 'Yan Adbentis masu ibada ranar Asabar suna cewa shekara dubun a sama za a yi ta, ƙasa na kango. Shaidun Jehobah kuwa sun ce mutum 144,000 ne za su yi mulki daga sama, sauran su zauna a duniyar da za ta koma aljanna.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu sa rana, domin su ne jaridu ke so. Dabarar ɗaya ce kullum: a ɗauki wata lamba, a mai da kwana shekara, a zaɓi mafari, a tara. William Miller, wani manomi a Amurka, ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel 8:14 a matsayin shekaru, ya fara daga 457 kafin haihuwar Almasihu, ya sami 1843. Daga baya aka lura babu shekarar sifiri a kalanda, aka matsa zuwa 22 ga Oktoba, 1844. Dubban mutane suka kwana suna jira, wasu ba su girbe gonakinsu ba, gari ya waye kamar kullum. Masu sa ran ƙarshe a 1988 kuwa sun ɗauki kafa Isra'ila a 1948 suka ɗora shekara 40 a matsayin tsara ɗaya. Harold Camping, wani mai wa'azin rediyo a Amurka, ya sa 21 ga Mayu, 2011, da ta wuce ya ɗaga zuwa 21 ga Oktoba. Inda lissafin ke ruɓewa shi ne mafarin. Umarnin sāke gina Urushalima, wanda Daniyel 9 ya ce daga shi za a fara ƙirga, shi kaɗai yana da aƙalla shekaru uku da ake jayayya a kai, 538 da 457 da 445 kafin haihuwar Almasihu, sannan mai lissafi na da zaɓin shekara mai kwana 360 ko mai 365, da tsara mai shekara 40 ko 70 ko 100. Mai wannan yawan zaɓi ba shekarar da ba zai iya fitarwa ba. Alhali Markus 13:32 ya ce ranar nan ba wanda ya sani, ko mala'iku, ko Ɗan, sai Uban. Da almajirai suka tambaya ko yanzu ne za a mayar wa Isra'ila mulki, amsar da ke Ayyukan Manzanni 1:7 ita ce sanin lokatai ba nasu ba ne.

Haka 666, lambar dabbar nan ta Ru'ya ta Yohanna 13:18. An liƙa ta ga katin banki, an liƙa ga rigakafi, gobe ma za a samo wani abu. A zamanin da aka rubuta littafin haruffa su ne lambobi. In aka rubuta Neron Kaisar, sunan Nero sarkin Roma, da haruffan Ibrananci, jimillar 50, 200, 6, 50, 100, 60 da 200 takan ba da 666 cif. In aka cire harafin ƙarshe na Neron mai daraja 50, sai ta koma 616, kuma akwai tsofaffin kwafe da 616 ɗin ce a cikinsu. Ba duk malamai suka tsaya a kan Nero ba, amma duk wanda zai kawo sabon suna ya kamata ya fara bayyana wannan dacewar.

Wani ɗan gyara ga masu fassara a ɗakin labaranku. Mai karatu Musulmi zai ji Gog da Magog ya tuna Yajuju da Majuju, ya ji Magabcin Kristi ya tuna Dujal. Kamar tana nan, amma kama da wane ba ta wane. A wasiƙun Yohanna, inda kalmar magabcin ta fito, an ce tun a lokacin ma magabta da yawa sun riga sun zo. In aka sa Dujal a gurbinta, wannan ma'anar ta ɓace.

Batun ba na aji kawai ba ne. A Kanungu ta Yuganda, bayan ranar da wata ƙungiya ta sa ta wuce, an ƙone mabiya a cikin majami'a ranar 17 ga Maris, 2000, waɗanda suka mutu gaba ɗaya sun haura 700. A dajin Shakahola na Kenya an tono gawa fiye da 400 daga 2023, na mutanen da aka sa su azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Saboda haka roƙonmu shi ne duk lokacin da wani mai wa'azi ya kawo muku hasashe, wakilinku ya tambaye shi ikkilisiyarsa, da ayar da ya dogara da ita, da shekarar da ya fara ƙirga daga gare ta da dalilin zaɓenta, sannan a nemi bakin malami daga wani ɓangaren kafin labarin ya fita. In kuwa ya sa rana, a buga ranar da manyan baƙaƙe, a kuma koma masa da rakoda washegarinta.

Mun gode da filin da kuka ba mu. A huta lafiya.

Naku,
Wasu malaman Littafi Mai Tsarki, daga Jos