Ɗan riƙo ma yana da uba, a bar masa sunansa

Assalamu alaikum Edita,

Ina shekara 4 aka ɗauke ni daga Gumel aka kai ni riƙo wajen gwaggona a Fagge, wallahi ba ta taɓa bari na kwana da yunwa ba Allah ya jiƙanta, amma da za a sa ni firamare sai aka rubuta sunan mijinta a matsayin babana, har satifiket ɗina haka ya fito. Alhali Suratul Ahzab aya ta 5 cewa ta yi a kira yara da sunan ubanninsu.

Yanzu in na je Gumel ƙannena uwa ɗaya uba ɗaya baƙon Kano suke ce min, Inna kuwa har yau ko tuwo ban iya ci a gabanta.

Naka, mai karatu daga Kano.