Sanarwa ga ƴan rukunin tsofaffin ɗalibai, Ringim

Assalamu alaikum jama'a. Wani malami ɗan garinmu da ke koyarwa a Jidda ya nemi taimakonmu. Manhajar Najeriya ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu, suke bi a darasin zamantakewa, amma yaran can aka haife su, ba su taɓa ganin dagaci ko hakimi ba, balle su san aikin mai unguwa. Haddar littafi kawai suke yi: an ƙirƙiri Jigawa a 1991, ƙananan hukumomi 27, masarautu biyar. A ganina wannan bai isa ba.

Duk mai hoton hawan Sallah, ranar kasuwa ko zaman sulhu a ƙofar dagaci, ya turo nan kafin Juma'a. Don Allah ban da hotunan siyasa. Allah ya saka da alheri.