Wasiƙa: Tsohuwar Baturiyar nan ba zagin ɗan ƙanwata take ba

Assalamu alaikum Edita, ranka ya daɗe, ya aiki ya haƙuri da mu masu dogon surutu. Don Allah a ɗan sammin fili, magana ce a kan kalma ɗaya tal ta Turanci, nasan wani zai ce duk tsadar masara da fetur ɗin da ake ciki sai kalmar Turawa ce ta dame ka, to a daure a karanta tukunna.

Ƙanwata nas ce, shekara biyu kenan tana aiki a Niyukasil can arewacin Ingila. Kwanaki ta turo min saƙon murya a WhatsApp ranta a ɓace, wai Yaya kaji wata tsohuwa maƙwabciyarmu, kullum ta ga Abba sai ta shafa kansa tace "bonny bairn", ni kuma na duba ƙamus naga barn rumbu ne ko ɗakin dabbobi, yanzu ɗan nawa ne rumbu? Wallahi dariya nayi har na ƙware da shayi. Nace mata ke dai kwantar da hankalinki, yabonsa take, cewa take kyakkyawan yaro.

Kalmomi biyu ne daban, kunne ne ya haɗa su. Barn na rumbu asalinsa ɗakin sha'ir ne, kalmar sha'ir da kalmar ɗaki aka haɗe tun zamanin da. Shi kuma bairn yaro ne ko jariri, mace ko namiji duk ɗaya, kuma ya fito ne daga aikatau ɗin nan bear, wato ɗauka ko haihuwa, wanda daga shi born da birth suka fito da muke ta haddacewa a firamare. Kaga kenan ma'anarsa ta asali haifaffe, kamar yadda mu ma daga haifa muka samu haihuwa da mahaifi da mahaifa.

Abinda ya fi burge ni shine tsufanta. Shekara sama da 1,000 da suka wuce ana rubuta ta bearn, kuma a lokacin ba kalmar ƙauye bace, ko'ina a Ingila ana faɗinta. A tsohuwar waƙar nan tasu ta jarumta Beowulf, in za a yi wa jarumin kirari da sunan ubansa da ita ake yi, wane bearn wane, daidai da yadda muke cewa ɗan Fodiyo ko ɗan wane. Kai tun a ƙarni na 4 ma, a fassarar Baibul da aka yi zuwa yaren Gotik wanda ya mutu tuntuni, barn ake ce wa yaro. Kuma yau ɗin nan ka je Suwidin ko Nowe ko Denmak, barn shine yaro a daidaitaccen yarensu, a jarida da takardar gwamnati da komai, ba wanda zai maka dariya.

To me ya faru a Ingila? A kudu child ta ture ta, kuma kudun nan ne ke da Landan da fadar sarki da manyan makarantu da injin buga littafi, sai bakinsu ya zama shine Turancin kirki. Arewa kuwa ta riƙe abarta, masana na ganin har da taimakon 'yan Baikin, mayaƙan jiragen ruwa da suka riƙa zuwa daga ƙasashen su Denmak, sun far wa tsibirin Lindisfarne a 793, suka ci birnin Yok a 866 suka zauna suka yi aure suka hayayyafa, su ma barn suke cewa, kaga kalma ta samu 'yar uwa sai ta ƙara kafuwa. Zuwa zamanin Shakespeare har ta fara warin ƙauye, a wani wasansa makiyayi ne ya tsinci jaririya ya kira ta da wannan suna. A Sikotland dai tana nan da ranta musamman gabas, mutanen Gilasgo su wean suka fi cewa, kuma masu kallon ƙwallo ku duba, kulob ɗin Falkirk laƙabinsu kenan, The Bairns.

Akwai wani mutum da in na tuna shi nake jin kunyar kaina, Joseph Wright. An haife shi 1855 kusa da Biradfod, talaka futuk, yana shekara 6 yana jan jaki a wajen fasa dutse, daga nan masaƙa, bai iya karatu sosai ba sai da ya kai wajen 15. Wannan yaron jakin shi ya je Jamus ya yi digirin dakta, ya zama farfesa a Oksfod a 1901, kuma ya tattara kalmomin karkarar Ingila a ƙamus mai juzu'i 6 daga 1898 zuwa 1905. Bai ce bakin uwarsa abin kunya bane, zama yayi ya rubuta shi.

Mu fa? Lokacin da nake karatu a Kano na taɓa cewa na sayi littafi wa malam, ɗakin kwana gaba ɗaya aka kwashe da dariya, wai sai dai na saya wa malam littafi, har aka laƙaba min Ɗan Bauchi kamar wani laifi nayi. Na shekara ina gyara bakina, in na dawo hutu Inna tace wannan wane irin iyayi ne. Alhali haka ake magana a garin nan tun kafin a haifi kakan mai dariyar, kuma Basakkwace in yace ɗiya ba kuskure yayi ba, nashi ne. Ni ban ƙi daidaitacciyar Hausa ba, da ita nake rubuta takarda, da ita na koyar, amma a daina ɗaukar Bausanci da Gudduranci, wato Hausar Bauchi da ta ƙasar Katagum, kamar Hausar da ta lalace. Shi kansa Bargery, Baturen da ya tattara kalmomin Hausa, a ƙamus ɗinsa na 1934 yana sa alamar wannan ta Katsina ce wannan ta Sakkwato ce, bai zubar da su ba.

Roƙona Edita ko ɗan lungu ne a jaridar nan a ware, duk sati kalma ɗaya, masu karatu daga Azare, Misau, Ningi, Dass, Dukku su turo abinda kakanninsu ke faɗa da ma'anarsa da garin da aka ji shi. Ni zan fara, akwai littafin da nake rubuta na bakin Inna.

Af, ƙanwar tawa ta sake kira. Wai ashe tsohuwar ɗanta na ƙarshe mai furfura direban bas shi ma "the bairn" take ce masa, don a can haka suke kiran ƙaramin gida komai girmansa. Nace to ke da 'ya'yanki biyu me Inna ke ce miki har yau in ba Auta ba, sai tayi shiru, can tace Yaya kati na zai ƙare.

Naku,
Tsohon malamin Turanci,
daga bakin Wunti, Bauchi.