Kafin ku shiga ruwan Labadi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara da duk mutanen gida. Saƙonka ya iso, na ji cewa za ku zo Akra hutun Sallah, kuma yara sun matsa sai an kai su bakin teku na Labadi. Madalla, Allah Ya kawo ku lafiya. Ka tabbata kowa yana da katin rigakafin shawara, don ana tambayarsa a wurin shiga Gana. Sai dai maganarka guda ce ta sa na ɗauki alƙalami: wai kada in damu, ai kai ka saba iyo a dam ɗin Tiga. Mutumina, wannan iyon naka shi ne ya fi tayar mini da hankali.

Ruwan dam a kwance yake, na kogi kuma hanya ɗaya yake bi, kana ganin inda ya nufa. Teku ba haka yake ba. Kowace igiyar ruwa ta zo sai ta jibge ruwa a kan rairayi, ruwan nan kuwa dole ya koma inda ya fito. Sai ya nemi wurin da ƙasa ta yi kwari tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi, ya taru, ya fice ta nan da ƙarfi kamar lambatu bayan an sheƙa ruwan sama. Wannan kwararo shi ke cin mutane a gaɓar nan. Faɗinsa sau da yawa bai wuce mita 10 zuwa 30 ba, amma idan ya yi ƙarfi yakan yi gudun mita 2 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, wanda ko zakaran iyo na duniya ba ya iya turewa.

Abin haushin shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya. Dama da hagu igiyoyi na fashewa da farin kumfa, tsakiya kuma ga wani fili lumui, ruwan ya ɗan yi duhu. Baƙo na ganinsa sai ya ce da yara su je can inda babu hayaniya. To can ɗin ne ramin. Don haka idan kun isa, kada kowa ya cire takalmi tukuna. Ka hau wuri mai ɗan tudu ka tsaya minti 10 kana kallo. Inda ka ga kumfa ko leda ko ciyawa suna tafiya cikin teku maimakon su zo gaɓa, ko ruwan ya gurɓace da yashi ya miƙe kamar hanya, ka yi masa alama da ido ku nisance shi. Yakan fi tsanani lokacin da teku ya janye, teku kuwa sau biyu yake cika ya janye a kwana guda, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kullum. Wurin da ya yi muku daɗi jiya da la'asar ba lalle ya zama haka yau ba. Daga Yuni zuwa Satumba kuma igiyoyin sun fi girma.

Idan, Allah Ya kiyaye, kwararon nan ya ɗauke ka, ka riƙe wannan: ba ƙasa yake ja ba, waje yake kai mutum, kuma da ya wuce inda igiyoyi ke fashewa ƙarfinsa ke mutuwa. Abin da ke kashewa gajiya ce da firgita, mutum ya dage sai ya komo ta inda ya fita har hannuwa su saki. Ka kwanta rigingine, ka buɗe hannu da ƙafa, ruwan gishiri zai ɗauke ka fiye da na Tiga. Ka ɗaga hannu ɗaya a gan ka. Numfashi ya dawo, sai ka yi iyo a gicciye, kana bin tsawon gaɓa, har ka shiga inda farin kumfa yake, igiyoyi su turo ka gida.

Wanda ke kan tudu ma yana cikin haɗari, don sau da yawa mai ceto ne ake rasawa. In ka ga wani yana nutsewa, ka yi ihu, ka sa a kira 112, lambar gaggawa ta Gana, ka jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa. Jarkar lita 20 wadda ba komai ciki, an ɗaure murfinta tamau, tana riƙe babban mutum. Kada ka faɗa hannu rabbana. Idan an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a yi ta maimaitawa har taimako ya zo. Matse cikin nan da ake yi wai don ruwa ya fito ɓata lokaci ne, amai kawai yake jawowa. Wanda ya sha ruwa ya farfaɗo yana tari ko haki, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke.

Batun yara: yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, shiru yake yi, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya an gama. Ranar Sallah Labadi cika take maƙil, ga kiɗa ga masu dawaki, ba wanda zai ji komai. Ku raba su tun a mota, kowane babba ya san nasa, ƙananan kuma kada su wuce inda hannunka zai kai. Ruwa iya gwiwa ya ishe su. Tayar roba da ake hurawa kada ta ruɗe ka, ita ce ma ke saurin tafiya da yaro. Ka gaya wa uwargida, cikin ladabi, cewa doguwar riga da babban hijabi idan suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Mai son taɓa ruwa ta sa wando da riga marasa nauyi, ta tsaya gefe. Kuma ba a juya wa teku baya don ɗaukar hoto, gaɓar tana da gangare, igiya ɗaya sai ta kwashe ƙafafun mutum.

Inda ka ga tuta ja da rawaya, tsakaninsu masu ceto ke tsaro. Ja zalla kuwa ba shiga. Wurare da yawa ba tuta ba mai ceto, a nan ka tambayi masunta, sun fi kowa sanin inda ruwan yake ja. Ran Talata ma ba sa fita kamun kifi bisa al'adarsu, za ka tarar da su a gaɓa suna ɗinkin koma. In za ku Bojo, inda ake tsallakawa da kwalekwale, ko Ada inda kogin Volta ke shiga teku, kowa ya sa rigar kariya kafin a tashi, kuma in ka ga an yi lodi ya wuce kima ku jira na gaba.

Idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi ku ba teku kwana biyu, don dattin magudanan birni can yake ƙarewa. Waya da kuɗi ku bar su hannun mutum ɗaya da ba zai shiga ruwa ba. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, duhu kuma nan da nan yake rufewa, saboda haka ku tattara kafin magariba.

Ka sanar da ni ranar da za ku taso. A gaida uwargida da yara, a gaida su Baba.

Naka,
Amininka na Akra