A Duba Bayan Katin Kafin A Yanke Hukunci Kan Hoto

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin mutanenmu na Kebbi kan tsofaffin katunan wasiƙa masu hoto da ake tsinta a adakar iyaye. Da yawa hoton kawai suke kallo, alhali shaidar da za ta kai mutum ga asalin gidansu tana bayan katin.

A fara da kan sarki. In an rubuta Northern Nigeria a jikinsa, an buga shi kafin haɗewar Arewa da Kudu a 1914. Hoton Sarki George na Biyar yana nuna shekarun da suka kai 1936, na George na Shida daga 1937 zuwa 1952, na Sarauniya Elizabeth kuwa daga 1953. In kuɗin naira da kwabo ne, ba sule da fam ba, to daga 1973 ne zuwa sama. Sai hatimin gidan waya, wanda ke ɗauke da sunan gari da kwanan wata. Idan ya dusashe, a haska shi da tocila daga gefe a ɗaki mai duhu, sau da yawa shatin lambobin kan fito.

Inda ake yawan kuskure shi ne ɗaukar ranar hatimi a matsayin ranar hoto. Hatimi ranar aikawa kawai yake faɗa. Ɗan kasuwa na iya shekara ashirin yana sayar da hoto ɗaya na kasuwar Jega ko na bikin kamun kifi na Argungu, don haka mutumin da ke ciki ba lallai ne kakan kowa a gidan ba. Wanda ya aiko da wanda aka aiko wa su ne abin bi.

Sunaye ma akwai tarko. Kakanninmu ba su da sunan dangi irin na Turawa, kuma Muhammadu goma na iya zama a unguwa ɗaya. A nemi laƙabi, sana'a, sunan uba da unguwa. A kai wa tsofaffi biyu ko uku kwafin katin, kowa shi kaɗai, kada a fara faɗa masu sunan da ake zato, domin kunya kan sa dattijo ya amsa abin da bai tabbatar ba. A naɗi muryarsu. Ba sa lissafi da shekarun Turawa, sai a tambaye su zamanin wane sarki ne. Wanda ya ce farkon sarautar Sarkin Gwandu Haruna Rashid, ya nuna wajen 1954 ke nan. Kada a bar tsofaffin mata a baya, su suka fi riƙe wa ya auri wa.

Daga nan sai Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. A tuna sai 1991 aka ƙirƙiri Jihar Kebbi, saboda haka takardun Gwandu da Argungu suna ƙarƙashin Lardin Sakkwato.

Roƙona mafi girma shi ne a daina yi wa katunan nan leminatin, zafi da gam suna lalata tawada kuma ba a iya cirewa. Ban da salatif, ban da ɓamɓare kan sarki, ban da leda, don tana tara laima da damina. A ɗauki hoton gaba da baya, a sa katin a ambulan na takarda, a rubuta bayani da fensir a jikin ambulan, a ajiye a sama inda gara ba ta kaiwa.

Da za ku ware shafi sau ɗaya a wata kuna buga irin waɗannan katuna gaba da baya, da masu karatu sun taimaki juna wajen gane garuruwa da gidaje.

Naku,
Mai karanta jaridarku,
Argungu, Jihar Kebbi