A bar manomin Jakara ya sarara, a tambayi mai zuba gubar

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da aka tayar da zancen latas da kabeji da alayyahon da ake nomawa a bakin rafukan Jakara da Getsi a nan Kano, manomi ake nuna wa yatsa. A ce yana ban ruwa da ƙazamin ruwa, yana ciyar da mutane cuta, a hana shi. To, shi ya ƙazantar da ruwan?

Duk wanda ya san garin nan ya san hanyar da ruwan ke bi. Jakara ce ke kwashe ruwan kwatocin cikin birni. Getsi kuwa daga unguwar masana'antu ta Bompai take ɗauko nata, ta zo ta haɗu da Jakara, su gangara tare zuwa madatsar Wasai a Minjibir, inda masunta ke kamun kifi. A kudancin gari ma haka abin yake: ruwan masana'antun Sharaɗa na bi ta rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa. Wata rana ruwan baƙi ƙirin, wata rana shuɗi, warinsa kuma tun daga nesa yake yi maka maraba.

Majemu na cikin masana'antun da ke zubo wannan ruwa, jima kuwa ba baƙuwar sana'a ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun jeme fata da bagaruwa da toka, fatar ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Majemun zamani kuwa da sinadarin kromiyam suke aiki, saboda ya fi sauri. Shi wannan sinadari ƙarfe ne, ba ya ruɓewa kamar dusar bagaruwa. Idan ba a tace ruwan ba, sai ya kwanta a laka, ya shiga ƙasar fadama, ganye ya zuƙe shi, kifi ma ya ɗauka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda aka raba riba da asara. Mai masana'anta ya fitar da fatarsa waje an biya shi da dala, gidansa kuma ba a bakin rafin yake ba. Wanda ke shiga ruwan har gwiwa da safe yana janyo tiyo, ƙafarsa na tsattsagewa, shi ne wanda bai ci ko sisi a cinikin ba. 'Ya'yansa ne ke wasa a bakin lambatu. Ba don sha'awa yake ban ruwa da shi ba, da rani babu wani ruwan da ke gudana a wajen sai shi, kuɗin haƙa burtsatse kuwa ba ya da shi. Yanzu kuma a ce ya tashi? Ya koma ina?

Ban ce ganyen nan lafiya lau yake ba, ni ma ina da iyali, a kasuwa ɗaya muke saye. Amma doka tana nan. Tun 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, kuma ƙa'ida ta ce masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi. Ina roƙon wakilanku su je bakin bututun da ke zuba cikin Getsi da Salanta, su ɗebi ruwan a kai shi ɗakin gwaji, a buga sakamakon a jarida kowa ya gani. Sannan su tambayi hukuma masana'antu nawa ne matatarsu ke aiki da gaske, ba ranar da masu duba gari za su zo kaɗai ba.

Naku,
Wani mazaunin Gama, Kano